Inda aka kwana a lambuna: taki ya nuna, ƙasa ta fara laushi

'Yan'uwa masu koyon noman lambu ba tare da takin zamani ba, ga inda na kai tun bayan ɗaukewar ruwa.

Ramin takin da na haɗa a ƙarshen damina ya nuna. Karan dawa na sassara na shimfiɗa a ƙasa, sai kashin shanu da na awaki, sai ɗanyar ciyawa da ɓawon kayan miya, in barbaɗa ƙasa kaɗan, in yayyafa ruwa, in sake wani hawan. A makon farko na soka ƙarfe a tsakiya, da na zaro sai da na sake shi don zafi. Wannan zafin ake nema, domin idan ya kai digiri 55 zuwa 65 yana kashe yawancin irin ciyawar da ke cikin kashin dabbobi. Ruwa kuwa hannu ne ma'auninsa: ka damƙi takin ka matse ya dunƙule, amma kada ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsu. Yanzu ya yi baƙi, yana marmashewa, ƙamshinsa kamar na ƙasa bayan ruwan fari.

Toka ban sa ta a ramin ba. Idan ta haɗu da ɗanyen kashi, musamman na kaji, takan kori sinadarin naitirojin ya bi iska. Daban nake barbaɗa ta, kaɗan-kaɗan. Kuma don Allah kada a kai ɗanyen kashin kaji gindin latas: yana ƙona saiwa, ga shi latas ɗanye ake cinsa.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne rufe ƙasa. Fangali ɗaya na tumatir na lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa da buntun shinkafa, na kusa da shi na bar shi tsirara don in gwada. Iskar hunturu kan busar da na tsirarar kafin azahar, samansa ya yi ɓawo. Wanda aka rufe kuwa, na ɗaga ciyawar washegari na tarar da danshi, yatsa yana shiga ba gardama, har da tana tana motsi.

Gara ma ta zo, kuma na san da yawanmu za su ce a kore ta. Ni ban kore ta ba. Busasshiyar ciyawa take ci, ramukan da take haƙawa kuma su ne hanyar ruwa zuwa ƙasa. Da wannan dabara manoman yankin Tawa a Nijar suke farfaɗo da fako ta hanyar tassa: a haƙa ƙananan ramuka, a zuba taki, gara ta buɗe ƙasar. A Burkina Faso zai suke kiranta, kuma da ita marigayi Yacouba Sawadogo ya mai da fako daji a Yatenga, har ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Sai dai a lambuna ina barin tazarar tafin hannu tsakanin ciyawar da gindin shuka, don kada garar ta kai gare ta.

Inda na yi wake da damina, ban tumɓuke shi ba, yanke shi na yi na bar saiwar a ƙasa. Ku tono guda ku duba ƙananan ƙulluwan da ke jikin saiwar. Idan kun fasa kun ga cikinsu ja-ja, to suna tara wa ƙasa naitirojin. Nan na dasa kabeji.

Damuwata yanzu tsutsar sharon ce, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kadawa ta jihar Kano da kewaye a 2016. Ina daka 'ya'yan darbejiya, in jiƙa su kwana, in tace, in fesa da yamma har bayan ganye. Ruwan darbejiyar ba ya kashe tsutsa nan take, yana dai hana ta ci da girma, don haka duk ganyen da na ga ta yi wa zane a ciki ina tsinke shi in binne nesa da lambu. Wanda ya gwada wata hanyar a kan sharon ta yi masa aiki, ya taimaka mana da bayani kafin zafi ya shigo, don lokacin ne take yin yawa.