Inda jirgi zai kwana: daga Napton zuwa Lechlade

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon tuƙin siririn jirgi a ruwayen Ingila. A fitar da na yi ta bana, daga Napton na tashi, na bi kanal ɗin Oxford, wato hanyar ruwa da aka haƙa don jirage, na yi kudu, na faɗa Kogin Thames ta mashigar Dukes Cut, na haura har Lechlade. Hannuna ya fara faɗawa da sandar tuƙi, shiga lok ma, wato ɗakin ruwa mai ƙofofi da ke ɗaga jirgi ko sauke shi daga wani matakin ruwa zuwa wani, ta daina sa gabana faɗuwa, don haka na mai da hankalina kan abu guda: zaɓen wurin da jirgi zai kwana. Abin da na gane shi ne, kafin kyan wuri ya ɗauke maka ido, ka fara tambayar kanka me ruwan nan zai yi kana barci. A kanal, abin gudu shi ne ya janye ya bar ka a kan taɓo. A kogi kuwa, ya ƙaru ya ɗaga ka.

Dokar kanal ba ta da wuya. Hukumar Canal & River Trust, wadda tun 2012 take kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales, ta yarda ka ɗaure jirgi a gefen da turba take, wato hanyar da dawaki suke bi suna jan jirage a da, har kwana 14, sai fa in allo ya faɗi ƙasa da haka. A garuruwa za ka ga an rubuta kwana 2, ko awa 48. Ɗaya gefen yawanci gonar wani ce ko bayan gidansa, ba a taɓawa. Ba a kwana a bakin lok inda jirage ke tsayawa su sauke mai buɗe ƙofa, ba a kwana a bakin famfo, ko a faffaɗan wurin da aka ware don juya jirgi, ko a kan lanƙwasar hanya, ko dab da gada. Wannan kowa ya karanta a takardar da ake ba shi ranar karɓar jirgi.

Abin da takarda ba ta koya sosai shi ne sha'anin ruwan da ke tsakanin lok biyu. Daga Napton zuwa Marston Doles lok 9 ne a jere, wasu kusa da juna ƙwarai. Duk jirgin da ya ratsa lok, ruwa cikin lok guda ya kwasa daga sama ya zubar ƙasa. Ƙofofin kuma na katako ne, suna yoyo dare da rana. In tazarar da ke tsakanin lok biyu gajera ce, ruwanta kaɗan ne, yoyon dare ɗaya ya isa ya rage shi sosai. Gindin siririn jirgi shimfiɗaɗɗe ne. In ruwa ya sauka, gefen da ke jikin gaɓa zai zauna a ƙasa, ɗaya gefen ya ci gaba da bin ruwa, sai jirgi ya karkace. Na ga wani da hantsi a wannan hali, mutanen ciki sun fito sun yi cirko-cirko a turba suna jiran a sako musu ruwa daga sama. Shi ya sa na kafa wa kaina ƙa'ida: in na tarar da jerin lok, ko dai in kwana a ƙasansu, ko in gama su duka in kwana a sama inda ruwa ke da tsawo. Don in san ko lokaci zai ishe ni, ina bin lissafin da tsofaffin matuƙa ke yi: ka haɗa yawan mil da yawan lok, ka raba gida 3, abin da ya fito shi ne kimanin awannin da za ka ɓata.

Saman Marston Doles akwai mil 11 babu lok ko ɗaya har Claydon. James Brindley, injiniyan da ya zana wannan kanal kafin rasuwarsa a 1772, bai fasa tudu ba, gewaye shi ya yi, shi ya sa hanyar take ta lanƙwasa, har ka ga dogon ƙarfen rediyon nan na kusa da Wormleighton yanzu a damanka, anjima a hagunka, can kuma a bayanka. Wurin shiru ne, gonaki da tumaki kawai, kuma a nan na fi jin daɗin kwana a duk tafiyar. Sai dai ruwan ba shi da zurfi. Cikin kanal kamar kasko yake, zurfi a tsakiya, gefe kuwa tudu. Sau da yawa ka hango wuri mai kyau, ka karkato, sai ka ji gindin jirgi ya gurji ƙasa saura taku biyu ka isa gaɓa. Yanzu ba na kusantar gaɓa sai a hankali, goshin jirgi a gaba, wani na tsaye da doguwar sanda yana gwada zurfi. Bayan jirgi ya fi goshinsa nutsewa saboda nauyin inji, don haka shigar goshi ba ta nufin baya zai shiga. In ya ƙi, ba na matsa masa da inji. Ko in shimfiɗa katakon tsallakawa in kwana nesa kaɗan da gaɓa, ko in ƙara gaba.

Alamar da na koyi nema ita ce gaɓar da aka daɓe da ƙarfe, mai doguwar sandar ƙarfe a kwance a samanta. Irin wannan gaɓa a miƙe take, galibi kuma da zurfi a jikinta. Za ka iya maƙala ƙugiya a bayan sandar, amma ni na fi yarda da sarƙa: ka zura ta, ka ratsa ƙaramin zobe ta cikin babba, ka ɗaura igiya. Ƙugiya takan yi ta ƙara duk dare in jirgi ya motsa, wani lokaci ma ta zame. In babu ƙarfe, sai turke da guduma. Ka kafa turken a karkace, kansa na kallon nesa da jirgi, ka buga shi ya shige sosai, kuma kada ya zama a leɓen gaɓa inda ƙasa ke zaizayewa. Bayan ruwan sama ƙasa takan yi laushi, sai in kafa biyu a gicciye. Dalilin wannan ɗawainiya shi ne jirgin da zai wuce ka. Iyakar gudu a kanal mil 4 ce a awa, kuma ladabi shi ne a rage inji zuwa mafi ƙanƙantar tafiyarsa in za a gifta jirgin da ke ɗaure, amma ba kowa ke yi ba. Jirgi mai tafiya yana jawo ruwan da ke gabansa ya tura baya, sai naka ya yi gaba ya dawo da ƙarfi, kuma wannan fizgar ce ke tumɓuke turke.

Igiyar gaba ta yi gaba, ta baya ta yi baya, kowace a karkace kamar digiri 45. In na ƙara ta uku daga bayan jirgi zuwa wani turke a gaba, kai-komon nan kusan duk yakan mutu. Igiyar tsakiya da ke rufin jirgi ta riƙewa ce lokacin tsayawa, ba ta kwana ba ce. Daga sama take ja, in aka fizge ta jirgi karkacewa yake yi. Kada igiya ta tsallaka turba, kuma ka ɗaura wa kan turke farar leda ko ƙyalle mai haske, saboda masu keke da masu yawo da karnuka da asuba. Hakkin mai wucewa ne, kuma ba ya cin minti ɗaya.

Sai maganar lokaci, wadda a ganina ta fi duk kayan aikin nan muhimmanci. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a nan sai bayan ƙarfe 9, sai mutum ya ga kamar yana da sauran yini. Amma wurare masu kyau, irin su Cropredy da Thrupp, kafin la'asar sun cika. Cropredy a watan Agusta, lokacin bikin kiɗan da suke yi duk shekara, kada ma ka sa rai. Kamfanonin hayar jirgi kuma sun hana tafiya bayan duhu ya shiga. Abin da nake yi yanzu, da safe kafin in tayar da inji sai in buɗe taswira in ware wurare uku a jere. In na iso na farko da misalin ƙarfe 3 na tarar da fili da zurfi, na tsaya ke nan, ko da zuciya tana raya mini na gaba ya fi kyau. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma a kanal ba a juyawa inda aka ga dama. In ka wuce wuri, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka sami inda za ka juya jirgi mai tsawon ƙafa 57.

A taswirar ina duba layin dogo da manyan tituna. Daga Banbury zuwa Oxford dogo yana tafe ne kafaɗa da kafaɗa da kanal, a Lower Heyford ma tashar jirgin ƙasa a bakin ruwan take, kuma jiragen kaya na wucewa da dare. Babbar hanyar M40 tana ƙetare kanal kusa da Banbury, gunjinta kuma iska na kai shi nesa. Shingen itatuwa gajeru a gefen da iska ke fitowa alheri ne, amma ba na kwana ƙarƙashin babbar bishiya: reshe na iya faɗowa, tsuntsaye su ɓata rufi, inuwa ta hana farantin sola aiki. Ina kuma lura da bututun hayaƙin maƙwabci, kada ya zama saitin tagar da muke kwana. Doka ta hana kunna inji ko janareta a tsaye daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe, amma hayaƙin murhu ba shi da lokaci, don haka a tabbata na'urar gargaɗin iskar gas mai guba tana aiki.

Banbury, inda kanal ya iso a 1778, wuri ne da ya dace a daidaita tafiya ta faɗo ranar Juma'a. Ana ɗaure jirgi a tsakiyar gari, akwai masallaci da za a iya takawa da ƙafa, akwai shagunan naman halal. Alƙibla daga wannan yanki kudu maso gabas take, kuma da yake kanal lanƙwasa yake yi, kowane dare sai na sake duba ta bayan na gama ɗauri. Alwala da ruwan tanki nake yi, don ruwan kanal na iya ɗaukar cutar da ke fitowa daga fitsarin ɓera.

Kogi yakan fara gabatar da kansa tun kafin Thames. A Aynho, Kogin Cherwell yana ratsa kanal ya wuce, sannan daga lok na Baker's zuwa na Shipton Weir cikin kogin kansa ake tafiya kimanin mil guda. Akwai ma'aunin ruwa mai launi a bakin lok: kore ka wuce, rawaya ka yi hattara, ja ka tsaya. A wannan tsakanin ban ga dalilin kwana ba, tunda kanal mai kwanciyar ruwa na gaba kaɗan.

A Thames komai ya sauya. Hukumar Environment Agency ce ke kula da shi daga Teddington zuwa sama, lasisinta daban ne, kuma babu zancen kwana 14. Yawancin gaɓar mallakar mutane ce. Wuraren da hukumar ta tanada galibi na awa 24 ne, wasu manoma kuma sun yarda a kwana a filinsu a biya su, akan zo karɓa da yamma ko da safe. Mai kula da lok shi ne mutumin tambaya. Ya san inda ya cika, ya san inda aka yi ruwan sama can wajen da kogin ke fitowa. Idan ka ga allon rawaya a ƙofar lok, ƙarfin ruwa na ƙaruwa ne ko yana raguwa. Idan ja ne, ka nemi wuri amintacce ka ɗaure ka zauna.

Kullum goshin jirgi ya fuskanci inda ruwa ke fitowa. In kana gangarowa ne, ka wuce wurin, ka juyo, ka tunkare shi kana haurawa, domin gudun ruwan shi zai zame maka birki, sandar tuƙi kuma ta ci gaba da jin maganarka. Igiyar gaba ake fara ɗaurewa. Sannan a bar wa igiyoyi sassauci, dogaye kuma a kwance, saboda ruwan da aka yi yau a tsaunukan Cotswolds, inda kogin ya faro, yana iya iso maka cikin dare. Igiya gajera mai tauri za ta danne gefe ɗaya yayin da ruwa ke ɗaga ɗayan. Ina kafa ɗan tsinke a daidai bakin ruwa da magariba, in duba shi bayan isha'i da kuma asuba. Kada a kwana dab da madatsar da ruwa ke kwarara ta kanta, ta gefen da ruwa ke fitowa, kuma anga ta kasance a ɗaure, a shirye.

Sama da Newbridge kogin ya ƙuntata, kwanoninsa masu kaifi. Zurfi yana gefen waje na kwanar, cikinta kuwa yashi ne, amma gefen wajen nan ne jirgin da ya kasa karyawa zai zo ya daka, don haka miƙaƙƙen wuri nake nema ko da gaɓarsa ta fi tsayi. A Lechlade, filin da ke kusa da gadar Ha'penny, ta gefen da ruwa ke gangarawa, makiyayar shanu ce, kuma shanun suna lasar fenti, suna tauna igiya da duk abin da aka bari a rufi. Na kwashe komai na shigar ciki, na naɗe ragowar igiya a kan jirgi maimakon a ƙasa.

Abin da ya rage mini shi ne ɗaure jirgi ni kaɗai a ranar iska, musamman in tana ture ni daga gaɓa, lokacin da dole in sauka da igiyar tsakiya a hannu, guduma da turke a ɗaya hannun. Shi zan sa a gaba a fita ta gaba in Allah ya kai mu, daga Oxford zuwa Abingdon, inda kogin ya fi faɗi, jirage kuma suka fi yawa.