"Dakta, Dakata"

Da aka fara damƙa mini horar da sababbin nas a ɗakin endoskopi, inda ake leƙa cikin mutum da na'ura mai kyamara, na ɗauka aikina shi ne in sa su haddace kayan aiki. Nakan jera komai a kan tebur, wayar jagora, kwandon ciro tsakuwa, balan-balan, wayar lantarki da ake yanka bakin bututu da ita. In tambaya, su amsa, in ji daɗi. Ranar da na shiga aikin ERCP da ɗaya daga cikinsu na gane akwai babban giɓi a koyarwata.

A ERCP ana zura na'ura ta baki, ta ratsa ciki har farkon ƙaramin hanji, inda bututun matsarmama ke zubo ruwansa ta wata 'yar mitsitsiyar ƙofa. Ta nan ake ciro tsakuwar da ta toshe hanya, ko a sa bututun roba ruwa ya samu wucewa. A Amurka aka fara shi a 1968, sannan a 1974 likitoci a Jamus da Japan suka fara yanka bakin ƙofar, aka huta da tsaga ciki. Hannayen likita biyu suna kan na'ura. Wayar jagora kuwa, mai tsawon mita huɗu da rabi, tana hannun nas. Idan za a sauya kayan aiki, likita yana janyewa, nas tana tura waya daidai da saurinsa, don kan wayar ya tsaya cak a cikin bututu.

Marar lafiyarmu a ranar wata baiwar Allah ce mai shawara, idanunta sun yi ɗorawa shar, jikinta duk shatin susa. Tana kwance rub da ciki, mu kuma muna zufa cikin rigunan dalma saboda hasken eksire. Likita ya daɗe yana fama kafin waya ta shiga. Muna cikin sauya kaya, yana yi wa ɗalibinsa bayani, sai waya ta sulale ta fito. Dole aka koma farko. Duk wanda ke wannan aiki ya san yawan taɓa ƙofar nan na ƙara haɗarin kumburin fankiriyas, wata gaɓa a bayan tumbi da ita ma ke zubo ruwanta ta ƙofar. Matar ta kwana biyu tana fama da ciwon ciki kafin Allah ya ba ta sauƙi.

Da aka tashi na ja yarinyar da ta riƙe wayar gefe. Idonta ya cika da hawaye, ta ce, "Sista, wallahi na ji tana zamewa. Nauyin katse Dakta na ji, yana magana."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Hannunta bai yi kuskure ba, ya ji abin da ya kamata ya ji. Tarbiyyar da aka yi mata ce, wadda aka yi mini ni ma: babba na magana, yaro ya yi shiru. Ni kuma ban taɓa gaya mata cewa a ɗakin nan an ba ta izini ba.

Yanzu darasin farko kalma biyu ne: "Dakta, dakata." Nakan sa kowace ta faɗa da ƙarfi a gabana, har sai ta daina sunkuyar da kai. Na kuma zauna da likitocinmu muka yi yarjejeniya cewa duk wanda ya ji wannan zai tsaya tukuna, tambaya ta biyo baya. Idan likita ya ce a buɗe kwando, nas ta amsa "na buɗe", kada kowa ya yi zato. Wadda ke tsaye a kan marar lafiya ba ruwanta da allon da kowa ya zuba wa ido. Nata shi ne numfashi da awon oksijin, kuma da ta ga yana gangarowa zuwa kashi 90 cikin ɗari ta yi magana.

A ɗakin wankin na'ura ma muryar nan ake bukata, shi ya sa kowace sabuwa takan yi makonni a can kafin ta taɓa waya. Na'urar ERCP tana da wani ɗan marfi a bakinta mai ɗaga kayan aiki, kuma ƙazanta na maƙalewa a bayansa. A 2015 hukumar FDA ta Amurka, mai kula da abinci da magunguna, ta yi gargaɗi a kai, bayan an samu masu kamuwa da ƙwayoyin cuta marasa jin magani ta wannan hanya, har a Los Angeles. Mu da ciwon hanta ya yi yawa a cikinmu, ga na'ura ɗaya tal, ga layi a waje, mun fi kowa bukatar kula. A gwada ko tana yoyo, a goge kowace kafa da buroshi, a jiƙa ta a maganin kashe ƙwayoyi na minti 20 cur, a ɗauraye, a busar. Ko wa ya leƙo yana gaggawa, amsa ɗaya ce: ba ta shirya ba.

Yarinyar nan ita ke riƙe mana waya yanzu a aiki mai wuya. Makon jiya ina bayanta na ji ta ce, "Dakta, dakata, wayata na fita." Ya tsaya, ta tura kaɗan, ya duba allo ya ce, "Yawwa Sista, mu ci gaba."