Tsufa a bayan kanta: abin da bincike a gidajen yarin Legas ya koya mini

Da na zaɓi lafiyar tsofaffin fursunoni a matsayin batun kundin digirina na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma, mutanen unguwarmu a Agege sun yi ta tambayata ko tsofaffi suna da yawa a gidan yari har da za a zauna yi musu bincike. Tambayar tana kan hanya. Matasa ne suka cika wurin, nesa ba kusa ba. To amma ƙarancin tsofaffin shi ne ya sa ido ba ya kai wa gare su. Ginin, da abincin, da lokutan fita da shiga, duk an tsara su ne don mai jini a jika, wanda zai iya tsugunawa ya miƙe ba tare da ya dafa bango ba.

Abu na farko da ya tsaya mana shi ne wa za mu kira tsoho. A wajen gidan yari an saba farawa daga shekara 60. Masu bincike kan fursunoni a Amurka da Ingila kuwa sukan sauko zuwa 50 ko 55, domin an lura cewa jikin ɗaurarre yana riga shekarunsa tsufa. Yawancinsu tun kafin a kama su ba su san asibiti ba, sun yi aikin ƙarfi, sun sha wahala, sannan zaman ɗaki ya zo ya ƙarasa. Mu ma 50 muka ɗauka. Sai dai a nan akwai wata matsalar da su can ba su da ita: dattawanmu da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma shekarun da ke cikin fayil ɗin kotu sau da yawa ƙiyasin ranar kamu ne kawai. Dole muka koma ga tarihi. Nakan tambayi mutum, "Baba, da aka kashe Sardauna kana da wayo?" Wannan 1966 ke nan. Ko in ce, da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira a 1973 ka fara zuwa gona? Da aka kashe Murtala a 1976 kana gida ko ka riga ka sauko Ikko? Da irin wannan ake samun shekarun da suka fi na fayil kusa da gaskiya, kuma a nan ne bakin dattijo yake buɗewa, don an tambaye shi abin da ya sani.

Cututtukan da muka tarar ba baƙi ba ne: hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa da baya, yanar ido, zubewar haƙora, wahalar fitsari irin ta maza masu shekaru, tari mai daɗewa wanda dole a yi gwajin tarin fuka a kansa, da ƙazuwa. Duk wanda ya zauna a layin asibitin unguwa ya san su. Abin da na koya shi ne jerin sunayen cututtuka ba ya gaya maka yadda mutum yake rayuwa da su. Gidan yarin Ikoyi an gina shi a 1955 don mutum 800, amma lokacin da wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a can a watan Disamban 2019, hukuma da kanta ta ce mutanen da ke ciki sun haura 3,000. A irin wannan cunkoso, mai wahalar fitsari da zai tashi sau da yawa cikin dare sai ya tsallake mutanen da ke kwance jiki da jiki kafin ya kai makewayi. Wasu dattawan sun gaya mini cewa sukan daina shan ruwa tun la'asar don kada su dami jama'a. Ga zafin Legas, ga mai hawan jini ko ciwon suga yana ƙin ruwa da gangan. Babu wurin rubuta wannan a takardar tambayoyin da aka saba amfani da ita.

A 2006 wata likita a Amurka, Brie Williams, da abokan aikinta sun nuna cewa ma'aunin da ake auna ƙarfin tsoho da shi a gida, wato ko yana iya wanka da sa tufafi da cin abinci da kansa, bai isa a gidan yari ba. Suka ƙara abubuwan da zaman wurin ke buƙata, kamar hawa gadon sama, tsayuwa lokacin ƙidaya, da jin umarnin ma'aikata. Wannan tunani ya yi mini amfani ƙwarai, amma sai da muka sake shi ya dace da namu. A wurinmu tambayoyin su ne: kana iya tsugunawa a masai? Wa ke ɗebo maka ruwa? Kana iya kwanciya a ƙasa ka tashi? Kana samun ruwan tsarki da alwala a kan lokaci? Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi taɓa dattawan Musulmi. Mutumin da fitsari ke kufce masa, ga tufafi ɗaya ko biyu, ga ruwa a ƙididdige, damuwarsa ta sallah ta fi masa ciwon kansa nauyi. Na ga wanda bai yi kuka ba da yake ba ni labarin shari'arsa, amma hawaye suka zubo da muka zo kan tsarki.

Gwajin ƙwaƙwalwa ma haka. Wanda aka fi amfani da shi a duniya yana tambayar kwanan wata, ya ce ka riƙa cire bakwai daga ɗari, ka rubuta jimla, ka kwafi wani zane. Dattijon da ya yi karatun allo, yake rubuta ajami, yake ƙidaya da watannin Musulunci, zai faɗi wannan gwaji alhali hankalinsa garau yake. Kuma a wurin da jiya da yau ba su da bambanci, rashin sanin kwanan watan Bature ba alamar gigin tsufa ba ne. A ɗaya ɓangaren, mai gigin tsufa na gaskiya yakan ɓace a cikin jama'a, a ɗauke shi mai taurin kai saboda ba ya bin umarni. Shi ya sa muka riƙa haɗa gwajin da bayanin abokan ɗakinsa, waɗanda suka fi kowa sanin ko yana manta inda tabarmarsa take.

Darasin da ya fi zauna mini a rai bai shafi ma'auni ba. Idan ka ce in duba dattawa biyu masu ciwo iri ɗaya in faɗi wanda zai fi jin jiki, tambaya ɗaya zan yi: wa ke zuwa ganinsa? Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun ce ɗaurarre yana da haƙƙin samun kulawar lafiya daidai da ta mutanen waje, kuma kyauta. A aikace, maganin da ake sha kullum, irin na hawan jini da suga, sau da yawa dangi ne ke cike giɓinsa. Abinci ma haka. A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙara kuɗin ciyar da fursuna ɗaya a rana daga naira 750 zuwa 1,125, kuma duk mai zuwa kasuwar Mile 12 ya san iyakar abin da wannan zai saya. Mai ciwon suga garin rogo zai ci kamar kowa, marar haƙora kuma zai yi ta fama da wake, sai fa in akwai mai kawo masa wani abu daga gida.

A nan ne mutanenmu suka fi shiga uku. Ɗan cirani da ya zo daga Sakkwato ko Zamfara ko Jigawa yana gadi, ko tura ruwa, ko dako, iyalinsa suna can nisan tafiyar kwana guda a mota. Wani ma ba a san an kama shi ba. Wani ya sani sarai zai iya aika saƙo, amma kunya ta hana: yaya mai furfura zai bari jikokinsa su ji yana gidan kaso? Ba ya jin Yarabanci, Turancin buroka ɗinsa bai wuce na ciniki ba, don haka ko ya je gaban ma'aikacin jinya sai ya nuna wurin ciwo da yatsa. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, tun da na shigo nan ba wanda ya tambaye ni lafiya da harshena sai kai." Ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma a gidan yari wannan magana a zahiri take aiki.

Sannan ga shari'a. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Cikin dattawan Hausawa da na zauna da su akwai waɗanda kotu ta ba beli, amma sharaɗin mai tsayawa, wanda za a san gidansa da aikinsa a Legas, ya gagare su. Dokar 2019 da ta mayar da hukumar gidajen yari Hukumar Gyaran Hali ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, gwamnatin tarayya ta sanar da afuwa ga fursunoni 2,600, kuma cikin sharuɗɗan akwai kai shekara 60 da ciwon da ake tsoron ajali. Amma afuwa ta fi shafar wanda aka riga aka yanke wa hukunci. Mai jiran shari'a sai dai ya sa ran ziyarar babban alƙalin jiha, ko lauyan da zai ɗaga fayil ɗinsa. Ra'ayina a nan ba ya rawa: dattijon da ba ya iya tashi sai an kama shi, kuma zarginsa ƙarami ne, ajiye shi a ɗakin da ya cika ya batse ba ya kare kowa daga komai. Abin da ya fi buƙata shi ne a saurari shari'arsa.

Wannan ya sa neman yardar mutum kafin a yi masa tambayoyi ya zama aiki mai nauyi. Kwamitin ɗa'ar bincike yana buƙatar takardar amincewa, kuma daidai ne. Amma wanda ke tsare, idan ya ga baƙo da biro da takarda, lauya yake gani ko ɗan gwamnati. Zai ce to ga komai. Don haka nakan fara da faɗa masa ƙarara: "Baba, ni ɗalibi ne. Wannan hira ba za ta fitar da kai ba, kuma in ka ƙi ba abin da zai same ka." Wasu suna jin haka suke tashi, kuma tashinsu ne yake tabbatar mini cewa waɗanda suka zauna da son ransu suka zauna. Mukan roƙi gandiroba ya tsaya inda zai gan mu amma ba zai ji mu ba. Da yawansu sun yarda ba tare da gardama ba. Ya kamata in faɗi wannan: na ga gandirobobi da ma'aikatan jinya da ke aiki da kayan da ba su isa ba, suna neman mota da rakiya don kai marar lafiya babban asibiti, wani lokaci da kuɗin aljihunsu. Na kuma ga samari fursunoni da ke wanke wa dattawa kaya, suna riƙe su zuwa makewayi, ba wanda ya sa su, ba wanda ya koya musu.

Da na kammala kundin, na taƙaita shi da Hausa a shafi biyu na kai wa kwamitin masallacinmu da wasu shugabannin 'yan kasuwa. Abin da na roƙa ba shi da yawa: a riƙa aika mutum ya tambayi sunayen dattawan da ba su da mai ziyara, a nemo danginsu ta hannun direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Arewa, a sami masu gida da sana'a da za su duba yiwuwar tsaya wa waɗanda aka ba beli, kuma a tanadi maganin wata guda da kuɗin mota ga wanda aka sallama. Wannan na ƙarshen shi ne abin da nake son in bi a bincike na gaba, domin dattijon da ya fito bayan shekaru yakan tarar wani ya gaje wurin gadinsa, ɗakin da yake kwana an ba wani, kuma takardar da ke nuna maganin da yake sha ba ta fito tare da shi ba.