Warin Baƙin Mai a Duxford

Ɗan yayata da ke karatu a Kambirij ne ya matsa mini. "Kawu, kai da ka ƙare ƙuruciyarka a ƙarƙashin mota, ba za ka koma Kano ba sai ka ga Duxford." Duxford wani filin jirgin sama ne a Ingila inda ake ajiye tsofaffin jiragen yaƙi. Na ce masa ni ƙarfen da aka goge aka ajiye don kallo ba ya ba ni sha'awa. Ya ce waɗannan ai tashi suke yi.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Whittlesford, tasi ta ƙarasa da mu. Iska ce ta fara yi mana maraba, irin mai ratsa rigar sanyi ta taɓa ƙashi. Filin tsoho ne, tun 1918, kuma a nan aka fara miƙa wa sojan saman Ingila jirgin Spitfire a 1938. Wasu rumfunan jiragen ma na wancan zamanin ne, tankar rufinsu ta katako.

Ina sa ƙafa a rumfar da ake gyara sai hancina ya gane gida: warin baƙin mai da giris, sak garejinmu da hantsi. Ƙarƙashin hancin jirage an ajiye faranti yana tarar man da ke ɗiga. Duk bakanike ya san injin da ke ɗigar mai bai mutu ba. An kware murfin wani, ga injin Merlin na Rolls-Royce tsirara, silinda 12, lita 27. Na daɗe ina kallon yadda aka ɗaure notika da siririyar waya, an murɗa ta kamar kitso, don kada girgiza ta kwance su a sama. Mu a ƙasa in noti ya kwance sai ka faka a gefen titi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Spitfire mai lamba N3200. Daga wannan filin yake asali. A watan Mayun 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, aka harbo shi, matuƙinsa ya dire da shi a bakin teku a Sangatte ta Faransa, Jamusawa suka kama shi. Rairayi ya haɗiye jirgin, sai 1986 aka tono abin da ya saura. A 2014 ya sake tashi. Na tambayi wani dattijo ɗan sa-kai nawa ne na asali a jikinsa, ya yi murmushi ya ce ƙarfen da ya shekara arba'in da shida cikin ruwan gishiri ba ya ɗaukar mutum sama. Wato akasarin jikin sabo ne, an ƙera bisa zanen asali. Ni dai a wurina wannan ba ha'inci ba ne. Motar da na sauya wa inji da giya da bodi, mai ita har gobe cewa yake yi motar babansa ce.

Sai muka iso ga Blenheim, wani jirgin yaƙi ƙirar kamfanin Bristol. Dattijon ya nuna hancin jirgin ya ce bayan yaƙi wani ma'aikacin kamfanin Bristol ya mayar da wannan hancin ƙaramar mota mai aiki da batir, daga baya aka karɓo aka mayar da shi jirgi. 'Yan Ƙofar Ruwa sai su sara masa.

Da ya ji daga Kano nake, sai fuskarsa ta sake. Ya san hanyar Takoradi. A lokacin yaƙin, daga 1940, an riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yanzu, a harhaɗa su, su biyo Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har Masar. Blenheim ne ke gaba yana nuna hanya, jiragen Hurricane na biye. Kakana ya sha ba mu labarin jiragen da suke sauka Kano a lokacin yaƙin Hitila, muna ɗauka hirar tsofaffi ce. Ga irinsu a gabana. Bayan Hurricane ashe ba ƙarfe ba ne, yadi ne aka ja bisa firam aka shafe da wani ruwa har ya ɗaure kamar fatar kalangu.

La'asar ta kawo jiki muka ji an tayar da wani Spitfire a waje. Farfela ta juya a kasale, injin ya yi tari biyu, hayaƙi ya fito ta gefe, sannan ya kama. Yana tafiya a ƙasa yana karkata dama da hagu, saboda dogon hancinsa ya tare wa matuƙi gaba. Ya ɗiba a guje bisa ciyawa, wutsiya ta ɗaga, sai ga shi a sama, ƙarar tana dukan ƙirjina.

"Kawu, ka ɗauka a waya?"

Wayar na aljihuna, ban ko tuna da ita ba. Muka tsaya jiran saukarsa har jirgin ƙasan da muka yi niyyar kamawa ya wuce.