Abin sha ma sai an zaɓa masa abokin tafiya

Masu gidajen abinci na Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, don Allah ku riƙa tambayar mai ci abin da ya saya kafin ku miƙa masa abin sha. Tsire mai kitse, ko gasasshen giwan ruwa daga Binuwai, tsami suke so. Zoɓo ne maganinsu, wanda muke kira folere, mutanen Njamena kuma karkanji, domin tsaminsa na wanke maiƙon da ke kama harshe. Kofi 1 na busasshen zoɓo ya ishi lita 2 na ruwa, a tafasa minti 10, a tace. Kada a bar shi ya kwana a tukunyar dalma, tsamin yana cin ta, ɗanɗanon ƙarfe ya shiga. Sukari kuma a sassauta hannu, in ya yi yawa sai ya danne ɗanɗanon naman gaba ɗaya.

Inda aka fi kuskure shi ne yaji. Wanda barkono ya ƙone masa baki, lemon citta ƙara masa wuta zai yi. A ba shi kindirmo mai sanyi, madara ce ke kwantar da zafin barkono.

Kilishi kuwa, a haɗa shi da shayi mai zafi.