Kwana Uku a Gandun Dajin Kgalagadi

Daga garin Upington na Afirka ta Kudu muka kama hanyar arewa da asuba, muka yi tafiyar kimanin kilomita 250 kafin mu isa Twee Rivieren, ƙofar shiga gandun dajin Kgalagadi. Ma'anar sunan zangon ita ce koguna biyu, wato Nossob da Auob, sai dai ko ɗigon ruwa ban gani a cikinsu ba, domin akan yi shekaru masu yawa ba su kawo ruwa ba. A shekarar 2000 ne aka haɗe dajin Afirka ta Kudu, wanda aka kafa tun 1931, da maƙwabcinsa na Botswana, suka zama gandu guda mai faɗin kusan murabba'in kilomita 38,000, babu shinge a tsakani.

Da muka rage iskar tayoyi saboda yashi, sai muka bi ta cikin busasshen kwarin Nossob, jajayen tuddan rairayi na dama da hagu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda rayuwar dajin gaba ɗaya ta rataya ga ruwan da ido ba ya gani. Itatuwan ƙaya, 'yan uwan bagaruwa, suna nutsa saiwarsu can ƙasa su tsotso shi, a rassansu kuma ƙananan tsuntsaye sun saƙa sheƙa guda ta tarayya, mai girma kamar jinkar ɗaki. Da rana tsaka, zafi kamar zai narka mutum, na ga wani mariri ya sunkuyar da dogayen ƙahonninsa yana fasa wata kankanar daji da ake kira tsamma, mai kama da gunar da muka sani a gida. Da irinta yake kashe ƙishi idan mashaya ta yi nisa.

A safiya ta uku, a bakin wata rijiyar burtsatse da aka haƙa wa namun daji, muka kashe injin mota muka yi shiru. Barewa suka tsaya cak, kunnuwa a miƙe, sannan wani zaki mai baƙar geza ya gangaro daga tudu, ƙaya duk ta maƙale masa a gashi. Ya daɗe yana lasar ruwa, har ina jin sautin harshensa daga inda nake zaune, ya ɗago ya dube mu sau ɗaya, sannan ya koma inuwa ya kwanta. Barewar ba su matso mashayar ba sai da hantsi ya dubi ludayi.