Alhamis a Yamai: karin sauti shida a kayen Auta

Zafi tun da safe, wuta kuma ba ta dawo ba sai bayan azahar. Gyaran fassarar nan yana inda na bar shi jiya.

Da la'asar Auta ya tsallako daga Harobanda da kayensa, littafin rubutunsa mai koren bango, wai in duba masa harshen nan da yake ƙirƙira. A shafin farko na ga sunan ruwa: strekt. Ya ɗora wata alama bisa wasalin, domin karin sauti, wato hawa da saukar murya, har shida ya sa, ya ɗara Sinancin Mandarin mai huɗu. Bayan haka kowace kalma tana da gaɓar da ake dannawa da ƙarfi. Na ce, "Auta, faɗi kalmar nan sau uku da sauri." Abin da ya fito shi ne sitirekti.

Ba laifin bakinsa ba ne. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi. Baƙaƙe biyu ba sa haɗuwa a farkon gaɓa, shi ya sa muke cewa Faransa da burodi. Dogon wasali ko tagwai kuma ba ya zama a rufaffiyar gaɓa, wato mai ƙarewa da baƙi: mai ya koma man shanu, rai ya koma ransa.

"To Kawu, daga ina zan fara?"

Na ce ya fara tsayar da siffar gaɓa kafin ya ƙagi kalma ko ɗaya. Toki Pona, ƙirƙirarren harshen da Sonja Lang ta fitar a 2001, baƙi 9 ne da wasali 5, kuma ba abin da ke rufe gaɓa sai n. Esperanto, wanda Zamenhof ya ƙirƙira ya fitar a 1887, ya bar cunkoson baƙaƙe irin na knabo da ŝtrumpo, su ne ke sarƙe Bahaushe. Muka yi lissafi a bayan kayen: baƙi 12 da wasali 5 sun ba da gaɓa 60. In kowane wasali yana da dogo da gajere, 120 ke nan. In gajeru suka ɗauki kari biyu, dogaye uku, an samu 300. Kalmomi masu gaɓa biyu daga nan sun kai 90,000. Me zai yi da kari shida?

Sannan kari yana son wurin zama. Namu uku ne, na sama da na ƙasa da faɗau, kuma faɗau ba ya hawa sai gaɓa mai nauyi, wato mai dogon wasali ko tagwai ko baƙi a ƙarshe, kamar kai na jiki, saboda murya na bukatar tsawo kafin ta sauko. A strekt, ɗan gajeren wasali ne k da t suka datse, ba inda murya za ta hau ta sauka kunne ya kama. Kari kuma yana taɓa maƙwabcinsa: a jimlar Hausa, na saman da ya biyo na ƙasa ba ya kai tsayin na saman farko. Wanda bai rubuta irin wannan doka ba, alamomi kawai ya zana.

Batun dannawa ya fi sauƙi. Esperanto na danna gaɓar kusa da ƙarshe, Volapük, wani ƙirƙirarren harshe na 1879, ta ƙarshe, Toki Pona ta farko. Amfanin tsayayyen wuri shi ne mai saurare ya gane iyakar kalma. Amma gaɓar da aka danna takan ja murya sama, sai ta yi karo da karin ƙasa. Na ce ya zaɓi ɗaya tukuna.

Nan ne ya faɗi abin da ya hana ni sukuni har yanzu. "Ai Kawu, don mu ba mu da karin sauti ne nake son in sa shi."

Na ce ya faɗi wuyan jiki da wuyar aiki. Ya faɗa, ya maimaita a hankali, ya yi shiru. Yaron da ya tashi da Hausa a gida da Zabarmanci a titi, harsuna biyu masu kari, ya san kowace alama ta kan wasalin Faransanci tun yana ƙaramin aji a lakkwal, amma ba malamin da ya taɓa nuna masa hawa da saukar muryarsa. Rubutunmu ma ba ya nuna su. Ko Afrihili, da Kumi Attobrah ya ƙirƙira a Ghana a 1970 domin Afirka duka, ba shi da kari. Wannan abu yana mini ciwo ƙwarai.

Aikin da na ba shi: ya rage kari zuwa biyu, ya haɗa kalmomi ashirin bibbiyu waɗanda kari kaɗai ya raba su, ya naɗa a waya, ya kunna wa Inna ba tare da ta ga rubutun ba. Duk biyun da ta ji kamar ɗaya, a soke su.

Shayin fada ya wuce ni yau. Gwaggo ta kira kan maganar ɗinkin biki, na ce sai Asabar.